Idan Mushe Illo Ya Cire Tabarau

Ku da kuka koyi jawabi a zauren Mushe Illo, wato Malam Illo, kun san abin da ke biyowa idan ya cire tabarau. Kana tsakiyar magana sai ka ga ya zare shi a hankali, ya naɗe, ya sa aljihu. Sannan ya ce, "Ina muka nufa? Ka loda mu a mota, ba ka faɗi garin ba."

Ni Hadiza kawuna ne, ƙanen innata, amma wannan bai taɓa cetona ba. Tun da ya bar koyarwa a lekol, duk Asabar yake tara mu, 'yan lise, wato sakandare, da manya. Dokarsa ɗaya: faɗi inda za ka tun farko, kawo magana uku, rufe da abin da kake so a yi.

"In akwai ta huɗu fa, Mushe?" in ji wani.

"Kai wa matarka gida."

Wata Asabar na yi jawabi kan tsabtar kasuwa. Na gai da sarki, na gai da malamai, na gai da baƙi, ban kai ga shara ba tabarau ya shige aljihu. Washegari ya ce in raka shi tabki sayen kifi. Ban ankara ba muna cikin kwalekwale, ni da ban iya ruwa ba! Da muka kai tsakiya ya ce wa masuncin ya daina tuƙi.

"To ɗiyata, maimaita na jiya. Ba mu ganin gaɓa sai kin gama."

Na duba ƙasa, ƙafafuna sun jiƙe.

"Kawu, ruwa na shigowa!"

"Madalla, buɗewa mai kyau. Sai ta biyu?"

Nan take na zuba masa jawabin nan cikin minti biyu. Ya gyaɗa kai. "Kin gani? Gaisuwar duk ta nutse, maganar ta tsira."

Kuma ba mu kaɗai yake yi wa ba. Kun tuna babban baƙon nan daga Maraɗi, ranar raba kyaututtukan lekol? Sau huɗu yana cewa "na farko". Ga jandarmomi tsaye da bindigogi, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, na farko ya haifi huɗu. Na biyu yana hanya kuwa?"

Innalillahi! Na ce shi ke nan, yau a tsare zai kwana. Baƙon ya yi tari, ya ce, "A ƙarshe, na gode," ya zauna.

Amma tsoron da ba na mantawa shi ne na shekarar da gulbi ya cinye mana garake. Matan ƙungiyarmu suka zaɓe ni in yi magana gaban perfe, shugaban gundumarmu, mu roƙi iri da injin ban-ruwa. In na ɓata, gida arba'in ba noman rani. Na rubuta shafi biyar. Ana gab da kirana Kawu ya ce, "Mu gani." Ya karɓa, ya ninke, ya zauna a kai!

"Kawu, don girman Allah!"

"Me ruwa ya ci? Me ya rage? Me kuke so? Tashi."

Na miƙe. Na faɗi ukun nan, na zauna. Bayan sati biyu aka kawo iri, inji kuwa shiru. Na kai wa Kawu kuka.

"Iri kin nema. Inji kuwa kin faɗe shi kamar mai ba da haƙuri."

Da ciwo ya kwantar da shi asibiti, ina gefen gado likita ya shigo yana ta zagaye-zagaye, jini kaza, zuciya kaza. Kawu ya tsayar da shi.

"Likita, fara da ƙarshen. Zan tashi ko ba zan tashi ba?"

Likita ya sunkuyar da kai.

"Gajere, kuma na gane," in ji Kawu. Ya riƙe hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya daidaita harshenka wajen amsa tambayar kabari, Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a Aljanna. Amin.