Basan Ya Yi Ƙarami

Lailatu ta tsufa tana sayar da robobi a Zangon Sokode, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan Nusaiba a bakinta. 'Yarta ce ta fari, sai kunya. "Waccan" take ce mata. Ranar da aka kai yarinyar aure Dapaong ma, Lailatu shago ta buɗe.

Rannan mijin, Wahab, ya bugo waya. "Inna, an je awo. Ungozoma ta ce basan ɗinta ya yi ƙarami, sai dai a yi mata aiki. Amma Hajiyarmu ta ce mu a ɗaki muke haihuwa."

"Basan? Ai akwai manya," in ji Lailatu.

Washegari ta hau motar arewa da baho mai cin yara uku. Zango ta yi dariya har ta gaji: tsohuwa ba ta san da baho da ƙashin ƙugu sunansu ɗaya a Faransanci ba. Ta ƙyale su. Uwa ba ta tsallake garuruwa don 'yar fari, amma 'yar kasuwa tana kai kaya. Kalmar kuwa ta san ta tun ba a haifi rabin masu dariyar ba.

A Dapaong, Hajiya Salamata, uwar Wahab, ta zagaya bahon. "Saniya za mu yi wa wanka? Ba wannan basan ɗin ba, baiwar Allah. Ƙugu ake nufi."

"Ƙugu kuma?"

Hajiya ta gyara zama. Tana son a tambaye ta abu. Ta haɗa yatsu. "Ƙashi ne kamar zobe. Ta ciki kan yaro yake bi, yana juyawa."

"In kan ya fi zoben fa? Yana buɗewa?"

"Yakan ɗan saki. Amma ƙashi ai ƙashi ne."

"To sai yaron ya bi ta ina?"

Hajiya ta dubi yatsunta. "Akwai rubutu."

"Na sha, har da na ƙari." Lailatu ta sassauta zane, ta nuna tsohon ɗinki a ƙasan cibiya. "Waccan ta nan ta fito. Wanda ya biyo ta, a ɗaki na gwada haihuwarsa. Bai zo da rai ba."

Hajiya ta kalli ɗinkin. Sannan ta ɗaga labule.

"Wahab! Tun yaushe nake ce maka a kai yarinyar nan asibiti?"