Luguden Gidan Dagaci

A shekarun fari wani mawaƙi ya tsara waƙa kan dagatai masu ɓoye hatsin agaji. Ba kiɗa, magana ce tsagwaro, amma mai kari. Dagacinmu ya ce duk gidan da aka ji ta, ba shi da rabo.

'Ya'yana huɗu, don haka na ja bakina. Ranar da aka kira mu daka a gidansa, sai na buga karin waƙar da taɓarya. Mata suka gane, suka amsa. Dagaci ya leƙo yana gyaɗa kai.

"Kai, luguden nan da daɗi! A ƙara musu kwano guda."

Muka karɓa, muka maimaita masa. Har yau jikokina da wannan luguden suke daka, ba su san wa muka zaga ba.