Fara Kamar Auduga

A Kiru, in an gama cirar auduga sanyi ya kankama, kakata Iya Delu takan hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta faɗar abu sai ta kwatanta shi da wani abin da ke gabanmu.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wani manomi ne farar saniyarsa ta ɓata, ya tafi cigiya har ƙasar masunta, yana cewa fara ce kamar auduga. Su kuwa ba su san auduga ba, suka ce ya riƙa cewa kamar kumfar kogi. Ya koya, bakinsa ya saba. Da ya juyo ƙasarsu yana cigiyar saniya mai kama da kumfa, ba wanda ya gane, alhali tana ɗaure a ƙauyen gaba ana neman mai ita. Har aka gaji aka yanka ta.

Sai Iya ta zungure ni da kara. "Ka ji ko, maigidana? Ka yi kwatance da abin da idonka ya gani."

A shekarar da zan yi jarrabawar shiga makarantar Midil a Kano, malaminmu ya sa mu haddace kwatancen Turanci. Fari dole kamar dusar ƙanƙara. Ni kuwa na rubuta auduga, ya soke da jan biro.

"Bature ne zai duba takardarka. Ka sake rubuta auduga, gona za ka koma ka cire ta."

Na kai ƙara wurin Iya. Ta ce, "Shi malamin ya taɓa ganin ƙanƙarar?" Ranar jarrabawa dai ƙanƙarar na rubuta, na ci. Ina Kano ta rasu, labari bai iso ni ba sai bayan an binne ta.

Aikin koyarwa na yi har na tsufa, ina soke audugar 'ya'yan mutane, don na san abin da ke cin jarrabawa. Malaminmu bai yi ƙarya ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Kwanan baya na yi wa jikata tatsuniyar. Ina cewa kamar auduga, ta tare ni.

"Kaka, ba haka ake cewa ba. Kamar dusar ƙanƙara."

Ba ta taɓa ganin ƙanƙarar ba, gonar audugar ma ba ta taɓa gani ba. Na kasa ƙarasa mata.