Gwajin Jinin Malam

Idon Malam, mijina, ya koma rawaya tun kafin a yanke gero. Yayarsa ta taso daga Kiyawa da jarkar jiƙo da hukuncinta: shawara ce, kuma mai shawara ba a yi masa allura, nan take take kashe shi. Kowa a Limawa, unguwarmu a Dutse, haka ya taso ya ji. Muka yi ta ɗura masa saiwoyi yana ramewa, har wando ya daina zama a ƙugunsa.

Ni da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ban shiga don in riƙa yin shiru ba. Na tare mai adaidaita, muka kai shi asibiti, Yaya tana mita har ƙofa.

Aka ɗebi jini. Likitar, wadda a shekaru na haife ta, ta ce akwai wata alama a jini da kan hau idan ciwon daji ya kama wata tsoka da ke bayan tumbi, mai daidaita suga. Ta Malam ta hau sosai.

Na ce, "To shi ne ke nan?"

"Mama, ban ce ba. Idan hanyar maɗaciya ta toshe, shawarar kanta tana ɗaga ta. Ga shi yana da ciwon suga, shi ma yana rikita lissafin. Wani kuma dajin na cinsa, alamar ko motsi."

"To gwajin uban me kuka yi?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce sai an yi masa hoton ciki a Kano, kuma kada mu yi jinkiri.

Yaya rabin zancen ta ɗauka. "Kin ji ko, uwar 'yan boko? Likita ma ta ce shawara ce."

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Amma Malam da kansa wannan rabin ya zaɓa, don tsoro ya kama shi. Ya ce, "Ki bari idon ya washe tukuna."

Idon bai washe ba. Da muka je Kano, a kwance muka kai shi. Hoton ya nuna dajin ne, ya riga ya ci hanta. Suka ba mu maganin rage zafi muka dawo Dutse, ya cika a ɗakina.