Shekaru Biyun da Na Rage wa Lawali

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye kuma kunyar da ta sha a kaina ta isa. Ku 'yan lise, wato babbar sakandare, nake so ku saurare ni, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke ta tambayar wane aiki za ku kama bayan bak, jarrabawar fita.

Ni ma ɗan lise ne a Tasawa kafin in lalace. Sau biyu ina zama jarrabawar bak, sau biyu ina faɗuwa. Kaina bai ɗauki lissafi ba, amma hannuna ya iya na'ura. Kawuna ya taimaka mini da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da injin fotokopi, na kafa 'yar rumfa kusa da makaranta. Ɗalibai kan zo in duba musu sanarwar makarantu da ta konkur, wato jarrabawar da ake zaɓen waɗanda za a ɗauka. Wannan yana son aikin jinya, waccan koyarwa, wancan kuwa jandarma saboda kaki kawai. In karanta musu sharuɗɗa, in faɗa musu gaskiya. Har "Mushe" suke ce mini, wato malam da Faransanci, ni da ko bak ba ni da ita, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi ƙwarai.

Ɓarnar da lamba ɗaya ta fara. Wani mutum ya kawo takardar haihuwar ɗansa, ya ce yaron ya wuce shekarun da ake nema da 'yan watanni. "Lamba guda ce, Mushe, taimako za ka yi," in ji shi. Na ƙi, ya dawo, na sake ƙi. A zuwa na uku na yi. Takardar ta wuce ba wanda ya ce uffan, ni kuwa na ɗanɗana. Na sa aka sassaƙa mini hatimi na jabu, kuma duk wanda na yi wa aiki sai ya rantse ba zai ambaci sunana ba ko ana yanka shi. Da masu bukatar suka yi ƙaranci, sai na fara ƙirƙiro musu bukatar da kaina.

A haka Lawali ya faɗo hannuna. Ɗan ƙauyen El Alasan Mairairai ne, dogon yaro marar hayaniya, yana zaune gidan ƙanin babansa a Tasawa yana karatu. Malamin dabbobi yake so ya zama, ba ya son komai bayan wannan. Ya ce a garinsu idan akuya ta kwanta ciwo ba ta da magani sai wuƙa. Ranar kasuwa yakan bi malamin da ke yi wa bisashe allura yana tambayarsa: wace makaranta ya yi, shekara nawa, me ake karantawa. Duk ya rubuta a wani ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da shi. Cikin duk yaran da suka zauna a bencina, ban ga wanda ya san abin da yake nema kamarsa ba.

Abu ɗaya ke damunsa. A ƙauyensu ba a rubuta ranar haihuwarsa ba. Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, sai aka ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya taɓo ya isa shiga. Lawali mai dogon hannu ya taɓo har ya zarce, sai aka ƙiyasta masa shekaru fiye da nasa, aka rubuta haka a takardar alƙali da ke zaman takardar haihuwarsa.

Da ya ci bak ya zo rumfata da takardar a hannu. "Mushe, duba mini don Allah, ban wuce shekarun da ake nema ba?"

Na buɗe sanarwar. Bai wuce ba, har da sauran shekara guda a gabansa. Amma fuskar na'urar ni take kallo, shi yana ɗaya gefen teburi. Na girgiza kai na ce, "Kash, ka wuce."

Na ce kada ya damu, ai ba ƙarya za mu yi ba, shekarunsa na gaskiya za mu maido masa. Ya ce bari ya je gida ya shawarci babansa. Na ce jibi ake rufe karɓar dosiye, wato takardun masu nema, in ya tafi ya dawo sai baɗi, baɗi kuma ya ƙara tsufa. Ya daɗe yana kallon littafin nan nasa, sannan ya rantse, ni kuma na rage masa shekara biyu.

Ya ci konkur ɗin, sunansa ya fito. Amma garin gaggawa na manta takardar birebensa, shaidar gama ƙaramar sakandare, tana ɗauke da tsohuwar shekarar. Da aka zo tantance takardu aka haɗa biyun, sai aka miƙa shi ga jandarma.

Da azahar labarin ya iso ni. Na jefa hatimin a masai, na share na'urar, na dawo na zauna. Duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai in leƙa in ga ko su ne. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba wanda ya zo, na gane yaron bai faɗi sunana ba. Na san magana ɗaya tawa za ta fitar da shi, kuma na zauna ina yi wa mutane fotokopi. Waɗannan kwanakin sun fi komai ci mini rai har yau.

Rana ta uku da hantsi wani dattijo ya yi sallama, ƙafafunsa duk ƙurar hanya. Ya zauna a benci ya ce shi ne mahaifin Lawali.

"Ɗana na hannun jandarma kwana ukku. Ya ce ya yi rantsuwa, ba shi faɗin kowa. Ni ban yi rantsuwa ba, abokinai ya gwada mini rumfag ga."

Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Babban jandarman ya gaya mini wata magana, ina son in ji ta daga bakinka. Ya ce takardarshi ta hwarko ba ta da laihi, da ita anka kai da an amshe shi. Gaskiya ne?"

Ƙofar baya a buɗe take, tasha kuma ba nisa. Na dube ta, shi ma ya ga na dube ta, bai motsa ba.

"Gaskiya ne, Baba."

"Ka sani tun rannan?"

"Na sani."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya miƙe ya ce, "To tashi mu tahi. Kai ka ɗaure mishi baki, kai za ka kwance." Na bi shi a baya ta tsakiyar gari, ba don jarumta ba, don dai na rasa yadda zan yi in gudu a gaban mutumin nan.

A gaban jandarma na faɗi komai. Aka saki Lawali, amma aka soke sunansa, aka hana shi sake zama konkur na wasu shekaru. Ni aka kai ni gidan kaso. Sauran takardun da na yi ma duk suka fito, yara da yawa suka rasa gurabensu. Mahaifiyata takan kawo mini fura ta zauna ba ta iya haɗa ido da ni. A can na koma ga salla da gaske, na roƙi Allah gafara, na kuma gane cewa hakkin mutum sai mutumin ya yafe.

Da aka sake ni, ban kwana uku a gida ba na hau mota zuwa El Alasan Mairairai. Na sami Lawali a bakin rijiya yana shayar da shanun babansa. Ya gane ni tun daga nesa. Na durƙusa na roƙe shi, ya bari sai da ya juye gugan da ke hannunsa.

"Tashi, Mushe, na yahe maka tun kana ciki," ya ce. "Bara hanin ya ƙare, na tahi na karanta sanarwar da idona. Wannan karon na wuce shekarun da gaske."

Ya mayar da guga rijiya.

Ƙannena, ku yi binciken aikin da kuke so kamar yadda Lawali ya yi, amma ku karanta kowace sanarwa da idonku, ku tambayi malamanku, ku shawarci iyayenku ko ana cewa gobe za a rufe. Duk wanda ya ce sai kun rantse kafin ya taimake ku, ku tashi daga bencinsa. Wanda kuma Allah ya ba hannu mai iya aiki, kada ya taɓa lamba ko ɗaya a takardar wani. Ni na yi laifin, na yi zamana na fito. Lawali bai cuci kowa ba, kuma akuyar garinsu idan ta kwanta har yau wuƙa ake ɗaukowa.