Uku, Uku, Uku, Saura Ɗaya

Kakata ba ta taɓa yi mana tatsuniya a cikin ɗaki ba. A ƙofar ɗakinta take hura wutar kara bayan an ci tuwo, ta jawo 'yar kujerarta, ta ɗauko mazari da auduga, mu kuma mu kewaye ta muna ture-ture a kan wa zai samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Gidanmu a Fakku yake, ƙasar Kebbe. Lokacin da nake magana shi ne shekarar da aka ba Sakkwato jiharta, kuɗin mai na tashe, samari suna ta kwarara birni neman aikin kwangila. Ni ce Kulu, ina tsakiyar firamare, ga baki, ga son a ce ni na iya. Kaka takan zungure ni da mazari ta ce, "Ke dai bari wani shi yi magana, ba ke kaɗai Allah ya ba halshe ba."

Darare da yawa sun wuce haka cikin dariya. Amma akwai ɗaya da har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Kakanmu namiji ya rasu bayan girbi. Aka ɗauko malami daga Tambuwal don rabon gado, ya fitar wa Kaka tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, aka bar babbar gona ga 'ya'ya maza uku: babanmu shi ne babba, sai Baffa Umaru, sai autansu Baffa Garba. Baffa Garba yana aiki da masu safiyo, wato awon hanya, wajen Dogon Daji, saboda haka ya zo da tef ɗin awo a aljihu. Ya ce bai yarda da igiya ba, igiya miƙewa take yi a hannun wanda ya fi ƙarfi. Aka ja tef, faɗin gona ya ba da mita ɗari cif. Kowa talatin da uku, saura ɗaya. Nan Baffa Umaru, mutumin da bai iya tauna magana ba, ya ce, "To mi ar rigima? Ragowa ta babba ce, haka munka ishe."

Wannan kalma ita ta kunna wutar. Malam ya ce shari'a daidai ta ba su, a raba mitar ita ma. Aka raba, aka sake samun saura ɗaya, ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Malam ya ce a bar shi ya zama iyaka. Baffa Garba ya ce shi ba girman abin ya dame shi ba. Tun yana yaro, in nama ne, in yadin sallah ne, abin da yake ji ke nan, ragowa ta babba ce. Babanmu ya ce ya ɗauki mitar gaba ɗaya. Baffa Garba ya ce ba bara ya zo yi ba. Daga nan ya rantse a gaban mutane cewa in ba a raba gonar ba tare da ko ƙwayar ƙasa ta rage ba, da safe zai hau motar da ke zuwa Ikko, kuma Fakku ba za ta sake ganin ƙeyarsa ba.

Da magariba ta yi, tuwo ya koma madafa kusan yadda ya fito. Mazan uku suna zaure, zana ɗaya ce tsakaninsu da mu. Ba ma jin magana, sai tari da motsin tabarma. Jakar Baffa Garba tana jingine a bakin ƙofa, a ɗaure. Ni ina son Baffa Garba fiye da duk wani babba a gidan, shi ya fara koya mini rubuta lamba a ƙasa da tsinke, don haka na kasa ɗauke ido daga jakar.

Muka zaci ba tatsuniya a daren. Sai ga Kaka ta hura wutarta kamar kullum, amma ta bar mazarin a ɗaki.

"Ga ta nan tafe, ƙafarta ɗaya," in ji ta.

"Ta iso mu ba ta wuri," muka amsa, murya ciki-ciki.

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, har ƙanena ya waiga wajen zana. Ta ce wata mata ce ta rasu ta bar ɗiya maza uku da ƙwarya goma ta gero. Suka ɗauki uku-uku, saura ɗaya. Suna shirin dafa ta su ci tare, sai ga wata tsohuwa ta fito daga kogon tsamiya, ba wanda ya san ta. Ta ce musu, "Ku yi hattara. Duk wanda ragowar ƙarshe ta faɗa hannunsa, shi uwarku ta fi so." Ta koma kogonta. Shi ke nan, aka fasa girki. Suka raba ƙwaryar ludayi goma, kowa uku, saura ɗaya. Suka raba ludayin tafi goma, kowa uku, saura ɗaya.

Kaka ba ta yarda a saurare ta da kunne kawai ba. Ta zuba mini wake goma a tafin hannu ta ce, "Raba ma ku uku, in gani, tunda ke ce malama." Na ba ƙanena uku, na ba ɗiyar Baffa Umaru uku, na riƙe uku. Ɗaya ya tsaya mini a tsakiyar tafi. Nan na gane ba da mu take magana ba.

Ta ci gaba. Aka kai ga ƙwayar gero ɗaya, suka niƙe ta, suka raba garin kashi goma da bakin allura, kowa uku, saura ɗaya. Ruwa ya sauka, mutane suka yi shuka, su suna zaune. Damina ta wuce, wata ta zo. Gara ta cinye ƙwarya taran da suka ajiye a bayansu, ba wanda ya waiga. Gemunsu ya yi fari, idonsu ya mutu saboda duban abin da ido ba ya gani.

A nan muryar Baffa Garba ta fito daga bayan zana. Ban taɓa jin babban mutum ya sa baki a tatsuniyar yara ba sai ranar.

"Inna, to wa yas samu ta ƙarshen?"

"Babu ta ƙarshe, auta. Suna can har yanzu."

Kara yana ƙara a cikin wuta. Sai ya ce, a hankali, "Ita uwar fa? Cikin ukun wa ta fi so?"

Wallahi na ji kamar in tashi in girgiza ta. Kalma ɗaya ake nema. Amma Kaka mace ce ta da, mai kara, wadda ko sunan babanmu ba ta taɓa kamawa ba don shi ne ɗan fari, balle ta buɗe baki gaban jikoki ta ce ga wanda take so. Ta dubi wuta. Ta ce, "Uwa ba ta faɗin wanga."

Ba ta rufe tatsuniyar da kan ɓera ko na kusu ba kamar yadda ta saba. Ta ce mu tashi mu kwanta. Da na farka da safe, jakar ba ta bakin ƙofa. Babanmu bai taɓa sa fartanya a wannan mita ɗaya ba, Baffa Umaru ma haka, ciyawa ta cinye ta.

Na girma, na shiga kwalejin horon malamai, na yi shekarun aikina ina koya wa 'yan mata lissafi a Tambuwal har na yi ritaya. Duk shekara in na zo darasin raba goma gida uku, na rubuta uku, ɗigo, uku, uku, uku a allo, sai in ji alli ya yi mini nauyi. Labarin Baffa Garba kuwa ba mu sake ji ba, ko wasiƙa, ko saƙon baki.

Bara ne wani yaro ya kira ni a waya, Hausarsa duk a karye. Ya ce sunansa Nasiru, jikan Garba na Fakku ne, a Ikko aka haife shi, kakansa ya daɗe da rasuwa, lambata kuwa wurin wani ɗan garinmu ya same ta. Da na gama kukana muka saba, ya zama yana kirana kowace Juma'a. Da ya ji ni malamar lissafi ce sai ya fara kawo mini rigimarsa ta makaranta.

Wata rana ya ce ya duba wani kundin ilimi na intanet, irin wanda kowa ke iya sa hannu ya gyara. An rubuta cewa sifili, ɗigo, tara, tara, tara har abada daidai yake da ɗaya, ba kusa ba, daidai. Ya duba wani kundin, shi kuma ya ce ya kusa ɗaya amma bai kai ba. Ya koma na farkon bayan kwana biyu, ya tarar wani ya canza maganar, kafin yamma wani ya mayar da ita yadda take. A bayan shafin kuma ga mutane sun shekara da shekaru suna musu, wasu sun rantse akwai ɗan abin da ya rage. Ya ce, "Goggo, wanne zan yarda da shi? Jarrabawa ta matso."

Na ce masa kada ya yarda da ko ɗaya don ya gan shi a rubuce. Rumbun da kowa ke zuba hatsi a ciki ba a rasa tsakuwa. In shafi ya ce maka an yi yaƙi kaza a shekara kaza, dole ka nemi inda ya samo. Amma lissafi ya fi sauƙi, don hujjarsa tana iya zuwa tafin hannunka. Na sa ya ɗauko takarda. Kashi ɗaya cikin uku, nawa ne? Sifili, ɗigo, uku, uku, uku ba iyaka. Haɗa guda uku irinsa. Ya ce sifili, ɗigo, tara, tara, tara ba iyaka. Na ce to kashi uku cikin uku fa? Ya ce ɗaya. Na ce in har akwai tazara tsakaninsu, ya kawo mini lamba guda da za ta zauna a tsakiya. Ya yi ta nema, bai samu ba. Kundin farko ya yi gaskiya, kuma ya nuna aikinsa layi-layi, shi ya sa ɓarnar mai ɓarna ba ta kwana a ciki ba. Na biyun cewa kawai ya yi.

Amma masu musun nan ban iya jin haushinsu ba, ni da nake saurin hasala da ɗalibi mai taurin kai. Na san irinsu. Mutum ne ake nuna masa cewa an raba daidai, babu abin da ya rage, shi kuwa yana ji a jikinsa akwai abin da ba a ba shi ba. Sai da na tsufa na gane tatsuniyar Kaka ta amsa tambayar gona sarai, amma ba ita aka yi mata ba.

Kafin mu ajiye waya Nasiru ya ce kakansa, da ciwo ya yi tsanani, ya riƙa cewa yana da ragowa a Fakku, ba wanda ya gane nufinsa. Ya ce ko fili ne?

Ni na yi jinyar Kaka a ciwonta na ƙarshe. Wata safiya ina ba ta kunu ta riƙe mini hannu ta ce, "Kulu, tambayar daren nan, auta ne. Da na faɗa da bai tafi ba." Ba mu san inda za mu aika da maganar ba, ta zauna a bakina duk shekarun nan.

Na ce, "Nasiru, akwai fili, taki ɗaya ne faɗinsa, in ka zo zan kai ka. Amma saurara in ba ka saƙon kakanka tukuna. Uwarsa ta ce shi ne."