Wa Zai Faɗa Min Abin Da Ya Zama Dole?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha ɗaya ga Sha'aban, ina tsaka da surfe aka leƙo ta katanga aka ce Malama Aina'u ta rasu. Maƙwabciyata ce, malamar firamaren garinmu. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa, a yi haƙuri da ni.

Malama, ke kike raka ni asibiti a Ɗanbatta tun da aka gane ɗana Fahad sikila gare shi. Likitar 'yar bautar ƙasa ce, ba ta jin Hausa. Ranar farko ta duba idonsa, ta yi ta miki Turanci, can ta dafa ni ta ce "don gib af". Ni kuwa "gib" kaɗai na sani, na ji 'yan makaranta na cewa bayarwa ce. Na ɗauka ɗana ake so in bayar. Na ƙanƙame shi na yi waje, ko takalmi ban tsaya sawa ba. A wajen masu ƙosai kika cim min kina haki. Ba ki yi min dariya ba. Kika ce, "Hure, zauna. Cewa ta yi kar ki sare."

A mota kike koya min sauran. "Gib in" shi ne a matsa maka har ka sakar wa mutane. "Haf tu" shi ne dole, kika ce in na ji shi, abin da ya biyo baya ba na wasa ba ne. Ranar da Inna, uwar mijina, ta ce a bar asibiti a kira wanzami ya yi wa Fahad tsaga, ke kika zauna da ita har ta sauko. Har yau ban san me kika ce mata ba.

Yanzu idon Fahad ya sake yin fari, ko koko ba ya sha. Babansa na Watari wajen noman rani. Inna ta ce wanzami zai zo Juma'a. Asibiti Alhamis ne. Likita za ta ce "haf tu", wannan zan gane. Na bayansa ne ban sani ba. Tsoro nake ji, Malama.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kin huta. Malam Nababa, maigidan Malama, kai da yaranku, Allah Ya ba ku haƙurin rashinta. Ni ma a sa ni a addu'a. Alhamis da sassafe zan goya Fahad in fita.